Waken da Aka Hana Ruwa

Aikina shi ne in sa tsiro cikin wahala in zuba masa ido. Idan na faɗi haka a wurin suna ko ɗaurin aure mutane sukan kwashe da dariya, wani ya ce ashe akwai mai yin dogon karatu don ya koyi mugunta. Ba na jin haushi, don har yau ban sami gajeriyar hanyar faɗarsa da ta fi wannan ba. Ina koyar da ilmin tsirrai a wata makaranta a Ƙauran Namoda, kuma a shekarar da zan ba da labarinta ina tsakiyar binciken digirina na gaba, a kan abin da ƙwayoyin halittar ganye suke yi idan ƙishirwa ta kama tsiro.

Abin ba shi da wuya in an bi shi sannu. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace da ƙwayoyi biyu masu tsaronta. Ta nan tsiro yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsa yake fita. In ƙasa ta fara bushewa saiwa ce take fara ji, sai ta aika saƙo sama, masu tsaron su saki jiki, ƙofa ta rufe. Ƙwayoyin da ke ciki kuma su shiga tara sukari da wasu sinadarai don su riƙe ɗan ruwan da ya rage musu. Wani tsiron da wuri yake rufewa ya zauna jira. Wani kuwa sai ya yi ta sakaci har rana ta ƙone shi. Wannan bambancin nake bi.

Tsiron da na zaɓa waken mahaifina ne. Gidanmu na asali yana wajen Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi. Mahaifina malami ne, yana karantarwa a zaure, da damina kuma yana gona kamar kowa. Yana da wani irin wake ƙanana, jaja-jaja, mai baƙin hanci, wanda ya gada, kuma mutanen yankin sun yarda cewa ko ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina wannan waken ba ya ba mutum kunya. Waken Malam suke ce masa. Bayan rasuwarsa, da zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, na je na ɗauko mahaifiyata, Inna, ta dawo wurina a Ƙaura. Ta bar gadonta da tukwanenta da turmi, amma ta riƙo wata jarka a cinyarta tun daga gida har muka sauka daga mota. Waken ne a ciki, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari.

Kowace damina takan shuka kaɗan a gindin katanga. Amma tsakar gidan gari ba gona ba ce. Ga kaji, ga inuwa, ga ƙwarin darɓa, abin da take tsinka bai taka kara ya karya ba, na cikin jarka kuma yana tsufa, kowace shekara wanda yake tsira yana raguwa. Ina gani da idona irin yana ƙarewa. Malamin da yake duba bincikena a jami'a, can nesa da mu, yana da fili inda suke yawaita tsofaffin iri na manoma, sai dai filin kaɗan ne, masu nema da yawa. Na yi ta yabon waken a gabansa har ya gaji.

"Kawo mini shaida," ya ce. "Kowa waken ubansa ya fi na kowa. In ka nuna mini yana jure ƙishirwa kafin lokacin shuka, zan ba shi kunyoyi a filinmu. In ba haka ba sai dai haƙuri."

To, neman irin a wurin Inna shi ma aiki ne. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar da ita. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko dai "wancan" ko "mai gidan ga". Tana amsa gaisuwata a taƙaice, amma in magana ce mai tsawo sai ta bi ta wurin matata, ko da kuwa ina zaune a gabanta gwiwa da gwiwa. Haka na zauna a tabarma na yi wa matata bayanin abin da ta riga ta sani, ita kuma ta juya ta maimaita wa Inna abin da ta riga ta ji. Inna ta shiga ɗaki ta fito da jarka, ta auno da ludayi.

"Ce mishi shi shibka da bisimilla," ta ce.

A gida na shirya gwajin, don awo ne na safe da na tsakar rana kullum, har ranakun da ba makaranta. Lokacin bazara ne, ba a fargabar ruwan sama. Na cika baƙaƙen ledoji da ƙasa iri ɗaya na jera su layi biyu a bayan rijiya. A kowane layi akwai waken Malam, akwai kuma wani ingantaccen wake da na saya a kantin kayan noma don a sami abin kwatantawa. Layi ɗaya zai ci gaba da shan ruwa. Ɗayan kuwa, in ya yi ganye, za a yanke masa.

Hanyar ganin ƙofofin ganye mai sauƙi ce, sai dai tana zubar da girma. Jan farce na mata ake samu, irin marar launi, a shafa a bayan ganye, in ya bushe a manna salatif a ɗaye. Sai siffar ƙofofin ta fito a jiki, a ɗora a gilashi a kai ɗakin gwaje-gwaje a duba a madubin ƙara girma. Da na je sayen kwalabe a kasuwa, mai kayan kwalliyar ya dube ni ya dubi gemuna.

"Yallaɓai, buki za a yi?"

"Na wake ne," na ce.

Ya ɗaure mini su a leda bai ko murmusa ba. "To, Allah shi bar ku tare."

Wake ya tsira ya yi ganye shar. Ranar da zan yanke ruwan na ɗaura jan ƙyalle a bakin layin, na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce daga yau kada a zuba wa layin nan ko ɗigo. Matata ta ce to. Inna tana zaune tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Na ɗauki shirunta a matsayin amincewa.

Kwanaki suka yi ta wucewa, rana tana dukan garin kamar da gayya, amma layin ƙishirwa ko gezau. Ganye a miƙe, kore shar. In na taɓa saman ƙasar ledar sai in ji ta a bushe ƙamas. In na kai gilasaina makaranta na duba, ƙofofin a buɗe wangalau kamar ba abin da ya faru. Wani daɗi ya fara cika ni. Na riƙa tafiya a kan mashin ina shirya jawabin da zan yi a gaban manya. Da na kasa haƙuri na buga wa malamina waya, ina magana har numfashina yana sarƙewa.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Na kantin fa? Yaya yake?"

"Shi ma lafiyarsa ƙalau."

"To," ya ce, "ko dai ka gano abin da duniya ba ta sani ba, ko kuma akwai mai ba su ruwa a gidanka."

Na aro sikeli daga makaranta na auna ledojin. Nauyinsu bai ragu yadda ya kamata ba. Na zura yatsa can ƙasa, sai ga danshi. Na zargi rijiya, na zargi magudanar wanka, har raɓa sai da na zarga, a tsakiyar bazara. Kaji ne suka tona asirin. Na lura kullum a layin ƙishirwa suke taruwa suna tsattsaga, ba sa ko kallon ɗaya layin. Da na tone inda suke tonon sai na ga burbushin dusa.

Washegari bayan azahar na dawo gida ba lokacin dawowata ba, na kashe mashin tun daga nesa, na tsaya a zaure ina leƙe. Ga Inna a tsugune, da ƙwaryar ruwan tsari, wanda aka wanke surfen gero da shi. Tana bin ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta tsiyaya kaɗan a gindin kowane tsiro, bakinta yana motsi. In ta zuba sai ta damƙo busasshen yashi ta barbaɗa a kai, ta shafe da tafin hannu. Ba ta tsallake waken kanti ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don makonni ne suka tafi a banza, da rabin irin. Amma ganin yadda take rufe sawunta da yashi sai da na toshe baki don kada dariya ta kuɓuce mini. Na koma waje, na tayar da mashin, na shigo da sallama mai ƙarfi.

Bayan la'asar muka zauna mu uku. Na faɗa wa matata cewa gwaji ya lalace, kuma na san dalili. Ta sunkuyar da kai, ba ta maimaita ba. Inna ce ta yi magana, tana duban matata.

"Tambaye shi, mi waken ga yay yi mishi?"

Na ce bai yi mini komai ba, bincike ne.

"Ga rijiya, ga guga, ga mutane da hannuwansu, abu mai rai shina kallonka da ƙishirwa? Ni ban iyawa. Ba a gidan da nike ba."

Inna ce wadda a ƙauye ba ta taɓa barin randar ƙofar gida ta kwana ba ruwa ba, saboda matafiya da makiyaya. Tana da kaskon da take cika wa tsuntsaye a bayan ɗaki. A wurinta ba da ruwa sadaka ce, kuma sadaka a ɓoye ake yinta, shi ya sa yashin. Ba wai tsorona take ji ba. Daga baya na tsare matata na ce ashe ta sani. Ta ce tun ranar farko. Na ce me ya hana ta gaya mini.

"Ni in kai ƙarar Inna? Wurin wa?" ta ce, ta ci gaba da yankan kuɓewarta.

Ledojin farko ba su da sauran amfani a wurina, kuma ba za su ba da iri a kan lokaci ba, don waken Malam ba ya fure sai rana ta fara gajarta, wajen kaka. Ban ga fuskar komawa wurin Inna ba, sai na fita neman ƙarin iri. Na bi rumfunan hatsi a Kasuwar Daji ina tambaya, ban dace ba. Ranar kasuwar Shinkafi na bi mota na je wurin kawuna, wan Inna, wanda yake sayar da hatsi a can. Ya sa aka zazzago mini jan wake kala-kala a kan buhu. Na tsuguna ina tonawa. Duk gauraye ne, babu namu.

"Kak ka wahal da kanka," ya ce. "Masu noma shi sun watse. Wanda yat taho da iri, yunwa ta sa ya dahe shi. In akwai saura, wanda ag ga jarkar uwarka shi na."

Na zauna a kan buhu. Da ya tambayi abin da ya cinye wanda aka ba ni, na ba shi labari. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya kira maƙwabcin rumfarsa ya sa na sake faɗa daga farko. Da ya share hawaye sai ya ce in bar masa, zai biyo ta Ƙaura.

Ya cika alkawari. Ya shiga ɗakin Inna, ni kuma na zauna a bakin ƙofa, labule tsakaninmu. Na ji yana ce mata ba mugunta ba ce, jarrabawa ce, kuma in waken bai zauna jarrabawar ba babu mai ba shi gona, sai ya ƙare a jarka ita tana kallo. Ya gaya mata abin da ya gaya mini, cewa ba saura a ko'ina.

"Mutuwa za su yi?" ta tambaya.

Kawu ya ɗaga labule ya dube ni. Na so in sassauta, amma ban ga amfanin yi mata ƙarya ba. Na ce wasu za su mutu.

"In an yi hakanan, waken Malam shi samu gona?"

"In Allah ya yarda," in ji Kawu.

Can na ji ƙarar murfin jarka. Ta juye abin da ya rage a faifai, ta busa tokar, ta raba biyu. Kashi ɗaya don sabon gwaji, ɗaya ɗan mitsitsi ta ƙulle a tsumma, wanda za a aika in an ci jarrabawar. Jarkar ta koma fanko.

"Ce mishi na ɗau alkawali," ta ce wa Kawu.

Na sake cika ledoji, na sake shuka. Wannan karon na kafa rumfar farar leda a kan layin ƙishirwa, don bazara ta yi nisa, an fara ganin gajimare ta gabas. Da ranar yanke ruwa ta zo ban yi wata sanarwa ba, ƙyallen kawai na ɗaura.

Inna ta riƙe alkawarinta, amma gidan ya canza. Da farko na ga randar shanmu ta tashi daga gindin bishiyar darbejiya ta koma bayan madafa. Na tambayi matata, ta ce Inna ce ta sa a matsar, wai bai kamata a riƙa kurɓar ruwa a gaban wanda aka hana ba. Wurin alwalarta ma ta sauya. In za ta sha ruwa sai ta ɗebo a moɗa ta rufe da gefen mayafi ta shige ɗaki. In za ta wuce ta bayan rijiya takan kawar da kai ta ƙara sauri. Gaisuwata ta safe, wadda da ma amsarta gajera ce, ta ƙara gajarta. Na yi niyyar tsokanarta ta bakin matata in ce wake ba shi da ido, amma da na dubi fuskarta na fasa.

Ni kuwa a wannan lokacin na ga abin da na daɗe ina karantawa a takarda. Da rana ta take, ganyen waken Malam sai su juya su ba rana gefe, su tsaya a tsaye, ba su yarda ta dake su a fuska ba. A madubi ƙofofinsa sun rufe tun da wuri, tsaf, kamar leɓɓan mai azumi. Ya daina girma. Ya zubar da ganyen ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya bar ɗan kan tsiron da ɗanyen kore. Na kanti kuwa ya ci gaba da buɗe ƙofofinsa yana harkar gabansa, ya fi kyan gani a kwanakin farko, sannan gefen ganyensa ya fara ƙonewa. Kullum ina yankar ganye in auna shi ɗanye, in jiƙa in auna, in busar in sake aunawa, don in san ruwan da ƙwayoyin suka riƙe. Lissafin yana tafiya yadda nake fata. Na ji daɗi sosai, ba zan ɓoye ba. Amma akwai safiyar da na tsaya da bokiti a hannu bayan na shayar da ɗaya layin, na dubi waɗannan sun yi laushi sun rusuna, na ji tausayinsu ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Saura kaɗan a gama, ina ɗakin gwaje-gwaje da yamma, sai na ga hasken taga ya dushe. Kafin in tattara gilasai iska ta taso, irin mai ɗaga kwanon rufi. Na san rumfata, na san da igiyar da na ɗaure ta. Na hau mashin. Ban kai tsohuwar tashar jirgi ba ruwa ya sauko, ruwan farko, mai ƙarfi, masu keke napep suna ta neman wurin fakewa, yara suna tsalle a cikinsa. Kowa murna yake yi ban da ni. Ina tafe ina cewa shi ke nan, ba wani iri, ba wata bazara.

Na shiga gida ruwa yana zuba daga rigata. Rumfar ta kife, ledar ta naɗe a jikin darbejiya. Layin ruwa yana nan yana shan duka. Inda layin ƙishirwa yake kuwa babu komai, sai zagayen sawun ledoji da ruwa yake cikewa. Matata tana tsaye a baranda a jiƙe, ta nuna mini ɗakin Inna da haɓa.

Ledojin suna ciki gaba ɗaya. Wasu a kan tabarmar sallarta, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a jere a bakin bango. Na durƙusa na taɓa ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya. A bushe. Matata ta ce tana madafa ta ji rumfa ta tashi, kafin ta fito Inna ta riga ta kai biyu ɗaki, ta rungumo ta uku ta lulluɓe ta da mayafinta. Tare suka kwashe sauran, na ƙarshe a cikin ruwa, sun kifa musu robar wanki. Ledojin nan ni kaina da hannu biyu nake ɗaga su.

Inna tana zaune a bakin gado, zaninta yana ɗiga, tana rawar sanyi. Ba ta dube ni ba. Ta dubi tsirran da suka cika mata ɗaki, a yamutse, ruwa kuma yana ta dukan kwano a samansu.

"Ce mishi," ta ce wa matata, "Allah ya aiko musu, ni na hana."

Na fita na tsaya a baranda, don ban so ta ga fuskata ba. Matata ta hura gawayi ta kai mata, ta dafa mata citta da kanumfari. Mura ta kwantar da ita kwana biyu, ledojin kuma suka ƙarasa kwanakinsu a ƙarƙashin baranda, inda rana take shiga ruwa ba ya kaiwa.

Da lokacin ya cika na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Yawancin waken kanti ya bushe har ƙasa, in ka lanƙwasa karan sai ya karye. Na Malam ma an rasa wasu, amma mafi yawansu, duk da sun zama kamar tsinke, kan tsiron yana nan da rai, in ka kankare bawon da farce sai ka ga kore. Na ɗauki hotuna na haɗa da awon na tura wa malamina. Bai yi dogon yabo ba, ba halinsa ba ne. Ya ce in ga yadda za su farfaɗo in an ba su ruwa, amma abin da ya gani ya ishe shi, in aiko da irin, ya ware masa wuri.

Da safe na jawo ruwa a rijiya na cika bokiti. Akwai gwangwanin da nake awo da shi, don ko shayarwar a ƙa'ida da ma'auni ake yi. Na riƙe shi na ɗan yi tunani, sai na miƙa wa matata na ce ta kai wa Inna, ta ce mata an gama, yau za su sha, kowane tsiro gwangwani ɗaya.

Inna ta fito da mayafi, har yanzu tana ɗan tari. Ba ta tambayi sakamako ba, sai da matata ta gaya mata waken Malam ya sami gona. Ta ce alhamdu lillahi, ta karɓi gwangwanin. Ta tsuguna a farkon layi ta yi bisimilla ta zuba. Ƙasar ta yi ƙara tana shanyewa. Ta matsa gaba. Ba ta gaggawa, kowane sai ta jira ruwan ya nutse kafin ta wuce, ni kuma ina biye da bokiti.

Matattun na riga na ware su gefe guda, na Malam da na kanti a haɗe, don in zubar da ƙasar in ajiye ledojin. Da ta gama da masu rai na sauke bokitin, na zaci an gama. Sai na ga ta ja jiki ta nufi waɗancan. Ta cika gwangwani ta zuba a gindin wani busasshen kara, ta jira ya nutse, ta sake cikawa.

"Inna," na ce, "waɗannan sun mutu."

"Na sani," ta ce, ba ta juyo ba. "Ai tare anka hana su."